Me za mu kira "e-learning" da Hausa? Sanarwa ce ta tsaya mini

Incajin ƙaramin asibiti, Dukku:
Assalamu alaikum. Masu Hausa, ku agaza mini. An ce in rubuta sanarwa in manna a ƙofar ofis, in gaya wa ma'aikatanmu cewa darasin zubar jini bayan haihuwa na bana ta waya za a yi shi, ba sai an je Gombe ba. Takardar da aka aiko "e-learning" ta ce. Tun bayan La'asar nake zaune da biro. Na rubuta "karatun intanet" na soke, na rubuta "horo ta yanar gizo". Dattijuwar da ke taya mu aiki a ɗakin haihuwa ta sa aka karanta mata, sai ta ce, "Yallaɓai, laifin me muka yi za a hore mu?" Kuma har ga Allah da gaske take.

Malamin Hausa, Kumo:
Wa alaikumus salam. Baba tana da gaskiya, a kunnen Bahaushe horo hukunci ne kafin ya zama koyarwa. Ni "karatu daga nesa" nake gani. Kalma ce mai asali. Iyayenmu sun yi karatu ta gidan waya, a aiko darasi a ambulan su amsa su mayar. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, da tsarin karatu daga nesa ta yaye ɗimbin malaman firamare, ga kuma NOUN, jami'ar karatu daga gida ta ƙasa. Ambulan ne kawai ya koma waya.

Ungozoma, Bajoga:
Allah ya gafarta Malam, ban ƙi ta taka ba, amma nesa ba ta zauna mini ba. Akwai manhajar Safe Delivery da wata gidauniya ta ƙasar Denmak ta yi wa masu karɓar haihuwa. In ka sauke ta sau ɗaya, ko babu sabis tana aiki. Wani dare ni kaɗai ce a bakin aiki, babu wuta sai fitilar sola, aka kawo mace mai ciki tana jijjiga. Na san allurar magnesium ce maganinta, na yi ta a makaranta, amma lissafin awon ya kwance mini saboda firgita. Na jingina wayar da kwalbar ƙarin ruwa, na duba, na ja allurar hannuna na rawa. Malam, a daren nan duk duniya babu malamin da ya fi wannan darasi kusa da ni. Ta yaya zan kira shi na nesa? Intanet ma ba ta shiga ba, don a lokacin ko layi ɗaya na sabis babu.

Ɗalibin kwalejin lafiya, Kaltungo:
Anti, to "koyon na'ura" fa?

Malamin Hausa, Kumo:
A'a ɗana, wannan masu kwamfuta sun riga mu ɗauka, na'urar ce ke koyo a can.

Jami'in lafiya, Ningi:
Mu tuna abin iri biyu ne. Akwai wanda kake bi kai kaɗai, ka kalli bidiyo, ka amsa tambayoyi, ka samu satifiket, irin yadda aka yi a baya a dandalin OpenWHO da Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe a 2017. Da yawanmu nan muka fara sanin yadda ake saka kayan kariya a cire su lokacin korona, kuma mu a Bauchi da zazzaɓin Lassa ke ziyarta duk rani, ya yi mana rana. Akwai kuma na kai tsaye, irin tsarin ECHO da wani likita ya fara a Amurka a 2003 saboda masu ciwon hanta da ke ƙauyuka: ƙwararre yana birni, ku kuna asibitocinku, kowa ya kawo matsalar majinyacinsa a tattauna. Kalmar da za mu zaɓa sai ta ɗauki duka biyun.

Incajin ƙaramin asibiti, Dukku:
Ina karanta ku sai na ji kunyar abin da ke bakinmu kullum muka tsallake. Idan ma'aikaci ba ya nan aka tambaya, me muke cewa? "Ya tafi bita." Ba karatu muke cewa ba, don karatu na wanda bai fara aiki ba ne. Bita tun daga zaure muka gaje ta: malam ya biya maka, ka koma gefe kana maimaitawa har ya zauna. Abin da Sista ta yi a daren nan ke nan. Mun kuma saba da wayar tafi-da-gidanka da asibitin tafi-da-gidanka. Me zai hana "bitar tafi-da-gidanka"? A baka kuma a ce "bitar waya".

Tsohuwar nas mai ritaya, Gombe:
Ɗana, kalmar ta yi, na sa albarka. Amma ka shirya, duk wanda ya ji bita zai tambaye ka kuɗin mota da na masauki. Ka faɗa musu gaskiya tun farko, kuma a nema musu kuɗin data, don albashin ƙaramin ma'aikaci ba zai ɗauka ba. Na ga amfaninta: sau nawa aka kwashe mu mako guda zuwa otal, mata suka zo awo suka tarar da kwaɗo a ƙofa? Sai dai abin da ya sa na fi son kalmar shi ne ba ta yi alƙawarin abin da ba za ta iya ba. Ba a bitar abin da ba a koya ba. Murza mahaifa ta ƙanƙame, ko hura wa jariri iska da jaka, sai an kama hannunka an ɗora. Kada wani ya ga waya ta yi arha ya ce a daina turo masu koyarwa.

Malamin Hausa, Kumo:
Na janye tawa, Hajiya. "Karatu daga nesa" mu bar wa masu neman digiri.

Incajin ƙaramin asibiti, Dukku:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Ga abin da na manna: "Bitar tafi-da-gidanka kan zubar jini bayan haihuwa za ta fara ranar Litinin. Kowa ya zo da wayarsa da caji a sauke masa darasi. Babu kuɗin mota. Gwaji da hannu ranar Alhamis bayan awo, a ɗakin haihuwa." Na karanta wa Baba, ta ce ita wayarta ƙarama ce, a sa ta tare da Sista.