Who, whom, which ko that: wanne ake sa wa mutum?

Wata ɗaliba daga Mabera, Sakkwato:

Assalamu alaikum, malamai. Ina shirin zana jarrabawar WAEC, kuma a makon jiya malaminmu na Turanci ya maido mini da insha'ina, ya zagaye wurare biyu da jan biro. A na farko na rubuta "the woman which sells fura near our house", a na biyu kuma "the man whom I gave him the money". Ya ce duka biyun kuskure ne, amma aka kaɗa ƙararrawa kafin ya yi bayani. Don Allah a nuna mini inda na kauce.

Malamin Turanci mai ritaya, Runjin Sambo:

Wa alaikumus salam, 'yata. Kuskurenki na farko daga harshenmu ya taso, domin mu a Hausa jinsi da adadi muke dubawa, mu ce wanda, wadda ko waɗanda, ko mutum ake nufi ko mota. Turanci kuwa ba ruwansa da namiji ko mace a nan. Abin da yake tambaya shi ne, mutum ne ko abu? Mai fura mutum ce, don haka "who" za ki sa, ki bar "which" ga dabbobi da kayayyaki. "That" ma ya halatta idan bayanin shi ke tantance wadda ake nufi, amma idan ƙarin bayani ne tsakanin waƙafi biyu, kamar "My mother, who sells fura, is ill", to ba ya shiga.

Wata malamar sakandare, Arkilla:

Ƙanwata, a jimla ta biyu "whom" ba shi da laifi, "him" ne ya yi yawa. Mu dole mu ce "mutumin da na ba shi kuɗi", amma a Turanci "whom" ya riga ya tsaya a gurbin "him", don haka sai ki rubuta "the man to whom I gave the money". Wannan kuskuren ya fi damuna, domin kowace shekara sai na gamu da ɗan'uwansa a takardun ɗalibaina: "the boy who his father came", alhali "whose father came" ake so. Ki riƙa gwadawa da "he" da "him": inda "he" ya zauna, aikau ne, ki sa "who", inda "him" ya zauna, karɓau ne, ki sa "whom". Daf da bayan "to", "with" ko "for" kuwa, "whom" ke zama, ba "who" ba.

Wani ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo:

Malama ta yi daidai, sai dai akwai tarko guda. A jimlar "the man who I think is the imam", mutane da yawa na sa "whom" saboda sun ga "I" a gaba. Ki ɗauke "I think", abin da ya rage shi ne "he is the imam", ke nan "who" ne daidai.