Wa ya farfaɗo da Bronx, 'yan sanda ko mazauna?

Baba Direba: Assalamu alaikum jama'a. Wasu yaranmu suna ta cewa 'yan sanda ba su tsinana wa Bronx komai ba, ni kuwa ban yarda ba. A 1990 mutum 653 aka kashe a wannan gunduma kaɗai, birnin New York gaba ɗaya 2,245. Yanzu na Bronx ba ya kai 200 a shekara. Magajin gari Dinkins ya ƙara ɗaukar 'yan sanda, Giuliani ya hau a 1994, shi da kwamishinan 'yan sanda Bratton suka riƙa bin laifukan kowace unguwa mako-mako suna tsare shugaban ofishin 'yan sandan unguwar da tambaya. Daga nan sauƙi ya samu.

Maman Hauwa: Wa alaikumus salam Baba. Allah ya ƙara girma, amma ka faro labarin daga tsakiya. Tsakanin 1970 da 1980 wajen mutum 300,000 suka bar Bronx. Wasu masu gidajen haya suna sa a cinna wa gidajensu wuta don su ci kuɗin inshora, a daidai lokacin da gwamnatin birni ke rage 'yan kwana-kwana. Da Shugaban Amurka Carter ya zo titin Charlotte a 1977, kufai ya tarar. Ɗan sanda ne ya sake gina gidajen? Ƙungiyoyin unguwa ne irin su Banana Kelly, da biliyoyin dalolin da magajin gari Koch ya ware wa gidaje. Sai baƙi suka cika su: 'yan Dominika, 'yan Ghana, Gambiya, Gini, Bangladesh, da mu. Ƙidayar 2020 ta ba da mutum 1,472,654. Layin da mai shago ke buɗe har dare, masallata na fitowa Asuba, mai mugun nufi ba ya sakewa a cikinsa.

Ɗan Zango: Hajiya ta yi gaskiya. Kuma Baba, a 2011 sau sama da 685,000 aka tsayar da mutane a titin New York ana yi musu tambaya ko lalube, kusan tara cikin goma ba a same su da laifi ba. Alƙaliya Scheindlin ta yanke a 2013 cewa yadda ake yin abin ya saɓa wa tsarin mulki. Aka rage shi ƙwarai, ana ta tsoratar da mu cewa gari zai ɓaci. A 2017 kisan kai a duk birnin bai kai 300 ba. Ga kuma Amadou Diallo, ɗan Gini mai talla, harsashi 41 'yan sanda suka harba masa a bakin ƙofar gidansa a Soundview a 1999.

Baba Direba: Allah ya jiƙan Amadou. Zalunci ne, babu wanda ya isa ya wanke shi. Amma ɗana, kai ba ka tuƙa motar haya ba a shekarun da ake kashe direbobi kan 'yan kuɗin aljihu. Fasinja zai ce ka shiga wani layi marar fitila, kana tuƙi idonka na kan madubi, kana kallon inda hannunsa yake. Hajiya, waɗannan shagunan da kike faɗa, wa zai zuba jarinsa inda ake harbi?

Maman Hauwa: To wa zai kira ɗan sanda a gidan da babu kowa, Baba?

Anti Nas: Ni duk kun bar abin da ya fi ci min rai. Tsaro ba maganar bindiga ce kawai ba. Ranar 9 ga Janairu 2022 gobarar dogon benen haya na Twin Parks ta ci rai 17, takwas yara ne, yawancinsu 'yan Gambiya. Hita ce ta kama saboda sanyi ya sa mutane suna ƙarawa da ita, ƙofar da ya kamata ta rufe kanta ta ƙi rufuwa, hayaƙi ya cika bene. A wurin aiki kuma yara masu asma muke gani kullum, uwa riƙe da abin shaƙa tana ƙirga numfashin ɗanta. Manyan motocin kasuwar Hunts Point da na babbar hanyar Cross Bronx a kanmu suke zuba hayaƙi. Cikin gundumomi 62 na jihar New York, shekara da shekaru Bronx ce ta ƙarshe a ma'aunin lafiya. Kafin a yi gardamar wa ya farfaɗo da ita, a tambaya ko ta gama farfaɗowa.

Ɗan Zango: Kuma tun bayan 2020 mutane sun ragu, haya na korar su. Anti, majalisun unguwa 12 ne a Bronx, kowa na iya zuwa ya yi magana. Mu nawa muke zuwa?

Baba Direba: A kan gobara da haya ina tare da ku. A kan 'yan sanda kuwa ina nan kan bakana. Ka turo ranar zaman majalisar unguwarmu, ni zan ɗauki mutum huɗu a motata.