Sun kori yarona a kan waya

Baban Sadik: Assalamu alaikum iyaye. Wallahi raina a ɓace yake. An kama yarona ɗan SS2 da waya a aji, malamin ladabtarwa ya zane shi a gaban ɗalibai, ya karɓe wayar, sannan suka kore shi na mako biyu. Laifi ɗaya hukunci uku, kuma ba wanda ya kira ni. Ga jarabawar kwalifayin, wadda ake tantance 'yan SS2 da ita kafin jarabawar gama sakandare, ta matso. Mahaifiyarsa ta ce in bar maganar, ni na ce bai halatta ba.

Malam Tijjani: Wa'alaikumussalam Alhaji. Gyara kalmarka, wannan ba kora ba ce, dakatarwa ce. Kora a makarantar gwamnati ba ta ƙarewa a teburin firinsifal. Kwamitin ladabtarwa zai zauna, a ji ta bakin yaro, a rubuta rahoto zuwa ofishin shiyya, daga nan zuwa hukumar kula da manyan makarantun sakandare. Mako biyu yaro ya dawo, ina korar?

Maman Ilham: Malam, an ba shi takarda? Dakatarwa tana zuwa da wasiƙa mai sa hannu: laifin da ya yi, ranar da dakatarwar ta fara, ranar da zai dawo, da kiran uba. In da baki aka ce masa ya tafi gida, kora ce ko da wane suna aka kira ta, domin ranar dawowa maigadi zai iya tare shi a ƙofa, ba shi da abin nunawa.

Malam Tijjani: Hajiya, sunansa na cikin rajistar aji. Wanda aka kora goge sunansa ake yi.

Maman Ilham: Suna a rajista, gwajin aji kuma ya wuce shi. Makin nan shi ake haɗawa da na ƙarshen zango. Yaron da aka rubuta wa sifili a gwaji biyu ya ji a jikinsa.

Baffa Ɗanlami: Ai ba mu ma san makarantar gwamnati ce ko ta kuɗi ba. In ta kuɗi ce, ofishin shiyya ba shi ne wurin kai kuka ba, hukumar makarantu masu zaman kansu ce. Kuma makarantun kuɗi ba sa korar mai biyan kuɗi, sai dai su tsorata uba.

Anti Rabi: Baffa, kada ka yi mana kuɗin goro. Fom ɗin shiga da uba ya sa wa hannu yana ɗauke da dokar waya. Iyaye ne ba sa karantawa. A makarantun gwamnati da aji ke cike maƙil, wa ma yake lura da mai waya?

Baffa Ɗanlami: Mai makaranta dole ta kare sana'arta.

Anti Rabi: Kai kuma da 'ya'yanka ke ta gwamnati fa?

Malam Auwalu: Ku dakata, bulalar fa? Hadisin da ke Bukhari da Muslim ya hana wuce bulala goma in ba a haddi ba, an kuma hana dukan fuska. Sashe na 55 na Penal Code, wato kundin dokar laifuffuka, ya bar wa malami damar horo ne matuƙar bai kai mummunan rauni ba, sannan Kano ta samu dokar kare yara a 2023. In akwai shatar da ta fashe ko kumburi, a ɗauki hoto yau, a kai shi asibiti a karɓi rahoton likita kafin ta baje.

Malam Tijjani: Rahoton likita saboda bulala? Da haka ake karya gwiwar malamai. Mu koma kan kora. Alhaji ya janye kalmar tukuna.

Maman Ilham: Ba zai janye ba sai an nuna takarda.

Baban Sadik: Jama'a, tambayata ita ce ko ya dace a yi duk wannan ba a neme ni ba.

Baffa Ɗanlami: Alhaji, ta kuɗi ce ko ta gwamnati? Faɗa mana kawai.

Malam Sabo, shugaban zaure: To, an rufe. Abin da na fahimta, mafi yawanmu sun yarda dakatarwa ce ba kora ba, kamar yadda Malam Tijjani ya yi bayani da ilimi, kuma makaranta ta yi aikinta. Maganar asibiti ba ta taso ba. Alhaji, ka bi shawarar mai ɗakinka. Gobe da safe ka je da yaron da shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, ya ba malaminsa haƙuri, ka nemi a rage kwanakin, a kuma rubuta maka ranar da za a yi masa gwajin da ya rasa. Wayar ka bar ta a ofis sai ƙarshen zango.