Agogon da Aka Tsinta a Daji

Tsohon Mawaƙi:
Salama, 'yan'uwa. Jikana ya dawo hutu yana cewa babu Allah, wai daga biri muka fito. Daren jiya ban runtsa ba. Mai amsa ya amsa da waƙa.

In ka tsinci agogo a tsakar daji,
Hannunsa na tafe, ba ya tsayawa,
Za ka ce iska ce ta tara ƙarfen,
Ko ruwan sama ya yi masa ƙerawa?
William Paley ya kawo misalin
A 1802, har yau ba ya dusashewa.
To dubi baƙin idonka a madubi,
Rana ta yi zafi, ga shi yana tsukewa,
Duhu ya shigo, ba ka ba shi umurni ba,
Da kansa yake ƙara buɗewa.
Dauda ya ce sammai na shelar ɗaukakar Allah,
Zabura ta 19, ga mai karantawa.

Mai Tambaya:
Baba, na rusuna, amma ina da ja.

Agogo ai ba ya haihuwa,
Ba a taɓa ganin ɗan agogo ba.
Mai rai kuwa yana haifar irinsa,
Ɗan kuma bai ɗauko uban sak ba.
Darwin, masanin halittu, ya sauka Galafagos a 1835,
Tsuntsayen tsibiran bakinsu bai zo ɗaya ba,
Mai fasa ƙwaya nasa da kauri,
Na mai cin ƙwari bai kai haka ba.
Wanda bakinsa ya dace ya ci ya hayayyafa,
Wanda ya kasa, bai bar baya ba.
A 1871 da ya zo kan ɗan Adam,
Bai ce birin yau ne ya haife mu ba,
Kaka ɗaya ya ce muka haɗa da shi.
Jikanka ma bai ɗauko karatun daidai ba.

'Yar Asibiti:
Baba, ka gafarce ni, ƙanen nan nawa yana da rabin gaskiya. A ɗakin gwaje-gwaje nake aiki.

Nakan shuka ƙwayar cuta a faranti,
In sa magani a tsakiya, ta kwana.
Da can kewayen maganin wayam yake,
Yau ta mamaye shi, na gani da idona.
Sauyin halitta akwai shi, ban musa ba,
Amma ƙanena, ga abin da ke cin raina:
Zaɓen mai dacewa da kake faɗa sai da mai rai yake aiki,
Mai ran farko fa, ya fito daga ina?
Pasteur ya tafasa romo a kwalba mai lanƙwasasshen wuya,
Ƙura ba ta shiga ba, bai ruɓe ba, kwana da kwana.
Miller a 1953 ya haɗa iska da tartsatsin lantarki,
Ya sami tubalan furotin, na yarda har zuciyana,
Sai dai tubali daban, gida daban,
Ba a kwana a tulin bulo, a iya sanina.
Haruffa huɗu, jere kusan biliyan 3 a DNA ɗinka, kundin gadon halittarka,
Rubutu ba marubuci ya fi ƙarfin tunanina.
Francis Collins da ya jagoranci karanta su,
Kirista ne, kuma ra'ayinsa kusa da nawa yake kwana.

Mai Tambaya:
Yaya, abin da ba a gano ba tukuna
Ba ya zama hujjar akwai Mai ƙerawa.
Da can tsawa ma fushin sama ce,
Yau ɗan makaranta na iya bayyanawa.
In kome sai da wanda ya yi shi,
Shi wa ya yi shi? Ina saurarawa.

Tsohon Mawaƙi:
Ɗana, ba mu ce kome sai da mai yi ba,
Cewa muka yi, duk abin da ke da mafari.
Masana da dama sun ɗauka sararin sama
Haka yake fil azal, ba ragi ba ƙari,
Sai wani Fadan Katolika ɗan Beljiyam, Lemaître,
A 1927 ya zauna ya yi nazari,
Ya ce sararin nan buɗewa yake ta yi.
Mai da lissafin baya, ka iske ranar fari.
Allah kuwa ba shi da jiya balle shekaranjiya,
Shi ya kafa lokaci, ya ba shi tsari.
In ƙura ce mu, ba wanda ya nufe mu,
Ta haɗu kawai bisa katari,
Don me ranka ke ɓaci in an cuci maraya?
Da wane ma'auni ka gane sharri?

'Yar Asibiti:
Baba, a hankali, in ka rungumi Lemaître,
Shekara biliyan 13.8 ke biye da shi.
Kwana shida na Littafin Farawa fa? Agustin, bishop na Hippo,
Bai ɗauke su kwanakinmu ba, ka duba shi.

Tsohon Mawaƙi:
'Yata, ke a ɓangaren wa kike ne? Ni dai kwana shida na karanta, a kansu nake.

Mai Tambaya:
Baba, a 1951 Paparoma Pius na 12
Ya ja hujjar nan taka, Fadan bai ji daɗi ba,
Ya so a bar lissafi daban, bangaskiya daban.
Batun marayan kuwa ba ni kwana biyu, ban shirya ba.