Mutum-mutumin anime na injin ƙugiya: wa ya taɓa riƙewa da hannunsa?

Mai tambaya daga Kano:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani ya kawo mini mutum-mutumin Luffy, jarumin One Piece (wani anime, wato katun na Japan), a kwalinsa, ya ce na kamfanin Banpresto ne daga Japan. Kuɗin da ya yanka ya kusa na wayar hannuna. Hujjarsa wai irin wannan ba a sayar da shi a shago, sai dai a ciwo shi a wasa. Raina ya biya ƙwarai, amma ina so in ji daga waɗanda suka taɓa saya kafin gobe da yamma.

Ɗalibi a Osaka:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, rabin maganarsa gaskiya ce. Kamfanonin Banpresto da Sega da Taito da FuRyu suna yin waɗannan ne domin injin ƙugiya na gidajen wasa, inda kake jefa yen 100 (kuɗin Japan) ka gwada sa'arka sau ɗaya, ko ƙugiyar za ta fitar maka da kyauta daga cikin akwatin gilashi. To amma a Japan akwai ƙa'idar 'yan sanda kan darajar kyautar da ake sakawa a injin. Da iyakarta yen 800 ce, a 2022 aka ɗaga ta zuwa 1,000. Ka ga tun daga tushe ba kayan tsada ba ne, kuma da yawa ake buga su.

Na farkon da na ci, sai da na jefa tsaba 23. Kwalin yana kwance kan sanduna biyu, ƙugiyar ba ta ɗaga shi, sai dai ta riƙa tura shi kaɗan-kaɗan. Da ma'aikacin wurin ya ga na daɗe, ya buɗe gilashin ya gyara mini zamansa, sannan ya faɗo. Na yi murna sosai ranar. Bayan mako guda na shiga Den Den Town, unguwar shagunan irin waɗannan kaya a nan Osaka, na tarar da irinsa a shagon kayan hannu, ba a ko buɗe ba, yen 1,500. Gwanayen injin ne ke ciwowa su kai can su sayar. A Tokyo ma haka ne, Akihabara da Nakano Broadway cike suke da su. Abin da ke ɗaga kuɗin a wajenku shi ne dako da kwastam, ba wuyar samu ba.

Ɗan kasuwa mai zuwa Guangzhou:
Ni jabu ne ya ƙone ni. Na yi odar Goku, jarumin katun ɗin Dragon Ball, guda uku a intanet don yarana, hoto lafiya lau. Da na buɗe, warin roba ya buge ni kamar sabon silifa. Fatar tana ƙyalli kamar an shafa man gyaɗa, ido ɗaya ya fi ɗaya hawa, kuma ƙafar ta ƙi shiga ramin mazauninta sai da na kankare da reza. Malam, duba kwalin. Na One Piece da Dragon Ball suna zuwa da ƙaramar sitika mai hoton kan kyanwa, ta Toei Animation, kamfanin da ke shirya katun ɗin. Ka duba tambarin kamfani, ka ga ko rubutun ya fito tsaf ko ya yi dishi-dishi. Masu jabu suna kwaikwayon sitikar ma, don haka kada ka tsaya nan, ka sa ya buɗe a gabanka.

'Yar uwarku a Kuala Lumpur:
Ina da goma sha ɗaya, kuma ni fuska nake fara kallo. In ido da baki suka zauna daidai, komai zan iya yafewa. Na asali ma ba ya rasa aibi: za ka ga layin haɗi a gashi, ko fenti ya ɗan tsallake a bakin riga. Wannan ba alamar jabu ba ce, matsayin kayan ke nan. Ina da guda ɗaya na Good Smile Company mai ma'aunin 1/7 (wato kashi ɗaya cikin bakwai na tsawon jarumin), wanda kuɗinsa ya sayi goma na ƙugiya. In ka jera su za ka ga bambanci a inuwar fenti da lanƙwasar tufafi. Duk da haka wanda na fi so ƙaramin FuRyu ne, irin mai zama a kan murfin kofin taliya. Yayana, kada ka saya da niyyar riba. Na sayar da biyu bara, ko uwar kuɗina ban mayar ba.

Mai tarawa daga Sakkwato:
Ku da ke ƙasashen waje ba ku ambaci zafi ba. Roba ce, PVC. Nawa mai tsayuwa da ƙafa ɗaya ne, watan Afrilu guda ya yi a ɗaki mai rufin kwano ya karkace kamar zai faɗi. Na tsoma ƙafar a ruwan ɗumi, na miƙar a hankali, na sa a ruwan sanyi, ya dawo. Wanda kuma na bari a rufe cikin kwali shekara biyu don in adana, da na ciro jikinsa ya yi danƙo. Sabulu mai laushi ya wanke shi. Yanzu suna kabad mai gilashi nesa da taga, ƙurar hunturu kuma da buroshin kwalliyar matata nake share ta.

Wani ɗan uwa daga Zariya:
Ka yi shawara da mutanen gida tukuna. Mahaifiyata da ta ga nawa ta ce ba ta son mutum-mutumi a ɗakin da ake salla. Na ji maganarta, na bayar da su.

Mai tambaya daga Kano:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na sa ya buɗe ɗazu. Sitikar tana nan, babu wari, idanun sun zauna, ƙafar ta shige mazauninta da ɗan dannawa kawai. Na taya rabin kuɗin, ya ce albarka. Na ba shi zuwa Juma'a, kafin nan zan yi magana da Hajiya.