Fayilolin log sun cika diskin Exchange, a share su da hannu?

Sabo_IT: Assalamu alaikum 'yan uwa. Exchange 2016 ne (manhajar sabar imel ta Microsoft), rumbun wasiƙu (database) ɗaya, babu DAG (wato rukunin sabobi masu riƙe kwafin rumbu). Diskin log mai 200GB ya kusa cika, alhali Windows Server Backup yana gudana kowane dare ba kuskure. Me ya hana fayilolin raguwa? Ko a share tsofaffin da hannu?

Hajiya_Binta: Wa alaikumus salam. Malam Sabo, don Allah kada ka taɓa su. Duk wasiƙar da ta shigo, sai an rubuta ta a log, kowane fayil 1MB, kafin ta shiga fayil ɗin rumbun (.edb), kuma fayil ɗin E00.chk ne ke riƙe inda aka tsaya. Ka share wanda bai shiga ba tukuna, rumbun zai ƙi hawa, eseutil /mh (umarnin duba halin rumbu) ya nuna maka Dirty Shutdown, wato ba a rufe rumbun daidai ba.

Fara da Get-MailboxDatabase -Status | fl Name,LastFullBackup. In ranar tsohuwa ce ko babu komai, to Exchange bai ga sabuwar cikakkiyar ajiya (full backup) ba. Mafi yawan lokuta an bar zaɓin a VSS copy backup, wanda yake kwafa amma ba ya yanke log, wato ba ya share tsofaffin fayilolin. Mayar da shi VSS full backup, ka haɗa diskin rumbu da na log dukansu. Incremental ma yana yankewa, differential ba ya yi.

Malam_Idi: Hajiya ta gama magana. In kuwa diskin ba zai kai dare ba, akwai maganin gaggawa: Set-MailboxDatabase da -CircularLoggingEnabled $true, wato kunna circular logging don Exchange ya riƙa share log ɗin da suka riga suka shiga rumbu, sannan a sauke rumbun a sake ɗora shi, don ba ya aiki sai an yi hakan a inda babu DAG. Sanar da ma'aikata, wasiƙa za ta tsaya 'yan mintuna. Da zarar fili ya samu a diskin, a kashe circular logging ɗin, a sake saukewa da ɗorawa, a yi cikakkiyar ajiya nan take. Barinsa a kunne haɗari ne: in diski ya mutu da la'asar, sai ajiyar daren jiya kawai za a iya dawo da ita, wasiƙun yinin sun tafi.

Usman_Maradi: In an gyara zaɓin kuma bai yanke ba, duba vssadmin list writers, Microsoft Exchange Writer ya zama Stable. Manhajar riga-kafi ma a hana ta leƙa folder ɗin log, tana riƙe fayiloli. Ranar da rumbu ya ƙi hawa, eseutil /r E00 ake fara gwadawa. eseutil /P yana zubar da shafukan da suka lalace tare da wasiƙun ciki, sai an rasa mafita. A riƙa gwada dawo da ajiyar cikin recovery database, wato rumbu na daban da ake dawo da ajiya a ciki. Kuma Malam, Microsoft ta daina tallafa wa Exchange 2016 tun 14 ga Oktoba, 2025, a fara shirin ƙaura.

Sabo_IT: LastFullBackup babu komai a ciki, VSS copy ne. An canza, za a yi cikakkiya yau da dare. Allah ya saka da alheri.