Alamar tik tana tsallakawa zuwa wasu layuka a RecyclerView

Ɗan_Kurmi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Manhajar kiran sunan ɗalibai nake haɗawa a Android da Kotlin, kowane layi da suna da CheckBox (akwatin tik) a gefe. In na tika layi na biyu na ja jerin ƙasa, sai in tarar da wani layi can ƙasa shi ma a tike. In na dawo sama kuma wani lokaci nawa ya goge. Me ke jawo haka? Sannan ina son akwatin ya zama kore, kuma ko ina aka taɓa a layin ya tiku.

Malama_Binta:
Wa alaikumus salam. RecyclerView, wato abin da ke nuna jerin a allon waya, ba ya ƙera wa kowane ɗalibi nasa layi. Waɗanda allo zai ɗauka yake ƙerawa da 'yan ƙari kaɗan, wanda ya fita ta sama sai a sauya masa suna a shigo da shi ta ƙasa. Kamar allon makarantar allo ne: in ba a wanke ba, tsohon rubutu na nan. Saboda haka kada ka bar wa akwatin riƙon bayanin. Ka sa `yaZo` a cikin bayanan ɗalibin, a onBindViewHolder kuma, inda ake zuba wa layi bayanansa, ka bi wannan tsari:

```
holder.akwati.setOnCheckedChangeListener(null)
holder.akwati.isChecked = dalibi.yaZo
holder.akwati.setOnCheckedChangeListener { _, tik ->
    dalibi.yaZo = tik
}
```

Layin farko na wannan tsarin, mai null, shi ne wanda aka fi mantawa, kuma shi ke jawo gogewar da kake gani. OnCheckedChangeListener bai damu da ko yatsa ne ya sauya akwatin ko lambarka ce ba, duk sauyi sai ya motsa. Akwatin da aka sake amfani da shi yana ɗauke da na tsohon ɗalibi, to da ka saita isChecked sai ya rubuta sabon hali a kan wancan ɗalibin. Ka kuma guji rubuta `if (dalibi.yaZo) isChecked = true` shi kaɗai, domin wanda bai zo ba zai gaji tik ɗin wani.

Ɗan_Kurmi:
Na gode Malama, tsallaken ya daina. Wani ya ce setIsRecyclable(false) ma yana magance shi.

Injiniya_Sale:
Rufe matsalar yake, ba ya magance ta. Tik ɗin zai daina tsallakawa, amma in ba ka ajiye shi a `yaZo` ba, wanda ka tika zai ɓace in layin ya fita daga allo, ga jerin zai riƙa sarƙewa a ƙananan wayoyi tunda kowane layi sabo ake ƙerawa.

Tunda layin gaba ɗaya kake so a taɓa, a ganina ka cire wa akwatin dannawa kacokan. A XML ka ba shi `android:clickable="false"` da `android:focusable="false"`, ka ɗora setOnClickListener a kan itemView tun a onCreateViewHolder. Da haka maganar null ma ta kau. A ciki ka karanta bindingAdapterPosition, wato lambar layin ta yanzu, a lokacin dannawar, kada ka riƙe `position` na onBindViewHolder, don yana tsufa da zarar an cire ko an ƙara layi. In ya dawo da NO_POSITION, wato -1, ka fita ba tare da yin komai ba, in ba haka ba manhajar ta mutu. bindingAdapterPosition ɗin yana cikin RecyclerView daga siga 1.2.0.

Bayan ka juya `yaZo` ka kira notifyItemChanged da lambar layin. Za ka ga layin ya ɗan ƙifta. Ka ba notifyItemChanged payload, wato ɗan bayanin abin da ya sauya, a matsayin abu na biyu, ƙiftawar za ta tsaya.

In za ka sa bincike ko tace sunaye, ka ajiye waɗanda aka tika da lambar rajistarsu, cikin Set a ViewModel, wato ma'ajiyar bayanan shafin. Wanda yake layi na biyar yanzu ba shi ne na biyar bayan tacewa ba, kuma ViewModel zai riƙe su in an juya waya a kwance.

Malama_Binta:
Sai launi. Ka buɗe fayil a res/color, selector mai abu biyu: na farko `state_checked="true"` da kore, na biyu ba sharaɗi, da ruwan toka. Jerin yana da muhimmanci, don Android na farkon da ya dace yake ɗauka. In marar sharaɗin ne a sama, kore ba zai taɓa fitowa ba. Ka haɗa shi da `app:buttonTint`. Na `android:` daga API 21 ya fara aiki.

In zanenka kake so, `android:button` za ka ba selector daga drawable, kuma a MaterialCheckBox ka sa `app:useMaterialThemeColors="false"`, in ba haka ba launin jigo zai rine maka zanen. Ƙara layout_width ba ya girmama akwatin, girmansa daga zanen yake zuwa. Tsayin layin kuma kada ya gaza 48dp, don malamin da ke kiran suna a tsaye da babban yatsa zai riƙa dannawa.